Yatsan Ja'afar da Burtalin Gafasa

A rumfar masu gyaran waya da ke kusa da tashar Gaya, in ka ce kana neman Ja'afar sai a tambaye ka wanne. In ka ce Ja'afar Taswira, sai a nuna maka bencin ƙarshe. Mutumin Kademi ne, siriri, mai ɗan gemu, ba ya son hayaniya. Duk jarinsa hannunsa na dama ne. Da shi ya riƙe fartanya yana yaro har ya gane noma ba nasa ba ne, da shi ya yi sana'ar cajin waya, da shi kuma ya koyi zana gonar mutane a kan taswira. Wannan hannun ne wani mutumin Gafasa ya rantse sai ya sare a wata damina, kuma bai tsaya a rantsuwa ba, da addarsa ya zo.

Wani dillalin filaye daga birnin Kano ne ya fara nuna masa abin, ranar da ya tsaya cajin waya a teburinsa. Manhaja ce da ake sa gidaje da filaye da gonaki na sayarwa. Mai saye yana zaune a ɗakinsa zai rubuta sunan gari, ya zaɓi girman filin da yake so, sai wurare su fito masa a kan hoton da tauraron ɗan'adam ya ɗauka daga sama, kowanne da jan layi kewaye da shi. Ja'afar ya rubuta Gaya. Babu ko gona ɗaya. Ya rubuta Ajingi, nan ma fayau. Kafin wata ya zagayo ya bar wa ƙanensa teburin caji.

Shekarunsa na farko a sana'ar, yadda aka saba yake yi. Ba a sayar da gona a ƙasar nan sai an taka iyaka. A kira maƙwabtan gabas da yamma, kudu da arewa, a kira wakilin mai unguwa, a bi layin gamba da ƙafa daga wannan kusurwa zuwa waccan, kowa yana gani, mai magana ya yi ta tun a nan. Ja'afar yana binsu a baya da waya a hannu, ita kuma tana zana inda ƙafarsa ta bi. Daga Balan har Kademi ba a taɓa kawo ƙararsa ba.

Sai aiki ya yi yawa, man babur ya yi tsada, shi kuma ya gano cewa ana iya jan layin da yatsa ba tare da an tashi daga benci ba.

Matarsa Zulfa ce ta fara yi masa tsiya a kai.

“Baban Muhsina, yau ma gonar a kan tabarma aka zagaye ta?”

“Zamani ne, Zulfa. Daga sama komai a fili yake.”

“To Allah ya sa na sama ya san inda kowa ya tsaya. Ni dai takalmanka sun huta, har ƙura sun daina kwasowa.”

A bazarar shekarar da abin ya faru, wani Mudassir ya kira shi daga Fatakwal. Ɗan Gafasa ne ta ƙasar Ajingi, da ke aikin babur a can, yana son sayar da gonar da ya gada. Sabis yana ɗaukewa yana dawowa.

“Mutumina, kana ganin kududdufin da ke bayan gari?”

“Ga shi ina kallo.”

“Daga nan ka miƙe gabas har ka kai kuka. Kukar ita ce iyaka.”

“Itace nawa ne a wurin?”

“Kai dai babbar bishiya ce, ko makaho ba zai wuce ta ba. Yi sauri, fasinja na jirana.”

Ja'afar ya buɗa hoton da yatsu. Hoton rani ne. An yanke gamba an yi zana da ita, shanu sun bi ko'ina sun tattake kara, gona da gona da hanyar shanu duk sun zama launi ɗaya. Kukar tana nan, amma kuka da rani ba ta da ganye: wanda mata ba su tsinke don miya ba ya zube da kansa, daga sama ba a ganin komai sai 'yar inuwa kamar tsagewar ƙasa. Can gaba da ita akwai wani baƙin dunƙule mai cikar ganye. Ja'afar ya ce ga babbar bishiya. Ya ja layi har gindinta. Tsamiya ce. Tsakanin kukar da tsamiyar akwai burtali, hanyar da shanun unguwar suke bi zuwa kiwo, sannan akwai gefen gonar wani dattijo, Malam Bala.

Wata 'yar kasuwa a birni, Hajiya Adawiyya, ta rubuta Ajingi a wayarta tana neman inda za ta dasa mangwaro, gonar ta fito mata. Ta ce ba sai ta zo ba, ta gani. A gaban mai unguwa, kawun Mudassir ya faɗi iyaka da baki kuma ya faɗa daidai, daga kududdufi zuwa kuka. Kowa ya gyaɗa kai. Ba wanda ya taka. Ja'afar ma ta waya ya yi shaida.

Sai da damina ta yi nisa, gero ya fitar da kai, Hajiya ta turo ma'aikata daga birni da turakun ƙarfe da shinge mai ƙaya. Ranar kasuwa ce, unguwar ta watse, shanu kuma sun riga sun wuce kiwo tun da hantsi. Ma'aikatan ba su san kowa ba, ba su tambayi kowa ba. Shuɗin ɗigon da ke wayar shugabansu suka bi, suka fara ta gabas, suka datse burtali daga wannan gefe zuwa wancan, suka shiga cikin geron Malam Bala har gindin tsamiya. A jikin turken ƙarshe suka ɗaura ɗan allon talla da Ja'afar ya ba su, mai sunansa da lambarsa. Suka hau mota suka tafi.

Da la'asar garken Maikuɗi ya dawo. Maikuɗi makiyayi ne da ya daɗe da zama a gefen Gafasa, kuma shi ne kowane rani yake kwantar da shanunsa a gonar Malam Bala don taki. Tun suna samari suke tsokanar juna. Saniyar da ke gaba, wata fara mai ciki, ta ga shinge ta tsaya. Na baya ba su gani ba. Suka yi ta turowa har suka danna ta a kan ƙayar. Ta yi tsalle za ta haye, ƙarfen ya kama ta daga ƙirji ya tsarge har mara. Ta faɗi a kan shingen tana shure-shure, hanjinta a waje. Ragowar garken suka firgita da warin jini, suka karya hagu, suka faɗa cikin gero.

A daidai lokacin Malam Bala ya dawo daga kasuwa a kan keke. Ya ga shanu a tsakiyar abincin shekararsa. Ya yar da keken, ya zari fartanya, ya shiga dukan duk wadda ta zo kusa. Maikuɗi kuma ya iso a guje, ya ga saniyarsa a farke, ya ga shinge ya fito daga gonar Bala, ya ga Bala da fartanya. Bai tambaya ba. Sanda ɗaya ya sauke masa a gefen kai, kunne ya tsage, dattijon ya kife a tsakanin kunyoyin gero. Ɗan Malam Bala, Mus'ab, magidanci mai ƙarfi da ke sare-saren itace a kusa, ya ji ihu ya zo da adda. Ya sari wani bijimi a agara, bijimin ya durƙushe. Ya juya kan Maikuɗi, Maikuɗi ya kare da hannu, addar ta buɗe masa damtse. Da ƙyar masu dawowa daga kasuwa suka shiga tsakani. Ana yanka saniyar kafin ta mutu ne wani ya lura da allon, ya karanta da ƙarfi.

Mus'ab ya goge addarsa a ganyen gero.

“Wallahi hannun da ya sa wannan abu a nan, sai na raba shi da mai shi.”

Washegari da safe Ja'afar yana shan koko wayarsa ta yi ƙara. Muryar a natse take.

“Malam Ja'afar mai gonaki? Ina da gona a Gafasa zan sayar, babba, a bakin ruwa.”

“Madalla. Je ka tsakiyarta ka turo min lokeshan.”

“A'a. Ni ɗan ƙauye ne, ban iya wannan ba. Ka zo ka gani da idonka. Ka tambayi tsamiyar burtali, ina nan ina jiranka.”

Zulfa ta miƙo masa hula tana dariya.

“Yau dai takalma za su yi aiki.”

Tun daga nesa ya ga ungulaye. Ya rage gudu. Mutane ne zaune kashi biyu, manoma a inuwar tsamiya, makiyaya can gefe a tsugune da sandunansu, ba mai yi wa wani magana. A jikin shingen akwai tsummokaran fata da farin gashi, ƙudaje sun rufe ƙasa. Ya ga allonsa. Ya so ya juya babur, amma wani ya riga ya riƙe sitiyarin.

“Kai ne Ja'afar?”

“Ni ne. Lafiya dai?”

Mus'ab ya buga masa bayan addarsa a baki. Ya faɗo daga babur, haƙori ɗaya ya biyo jini. Daga nan bai ƙara sanin hannun wa ko ƙafar wa ba. Mutanen da jiya suka so kashe juna, yau sun sami abin da suka yarda a kai. Sanda ta sauka a gadon bayansa, ƙotar fartanya ta same shi a haƙarƙari, wani ya taka masa wuya da takalmin roba yana tambayarsa ko uwarsa ce ta haifi burtalin. Yana ta cewa a tsaya ya yi bayani, bakinsa cike da ƙasa.

“Ku bar shi ya yi magana,” in ji Malam Bala. Yana jingine da tsamiya, kansa naɗe da rawani da jini ya ɓata. “Yaro, wa ya ba ka gonata?”

“Baba, ban taɓa gonarka ba. Ta Mudassir ce. Daga kududdufi zuwa kuka, haka ya ce. Ga shi a waya.”

Gilashin wayar ya tsage amma tana aiki. Ya buɗe taswirar, ya nuna baƙin dunƙulen da jan layin ya tsaya a kai.

“Ga kukar.”

“Shuɗin abin nan fa?”

“Mu ne. Inda muke yanzu.”

“To ɗaga kanka.”

Ja'afar ya ɗaga kai. Ƙananan ganyen tsamiya ne a samansa. Ya waiwaya yamma, can ƙetaren burtali, ya ga kuka tsaye cike da ganyen damina.

Mus'ab ya kama wuyan hannunsa na dama, ya ja shi a ƙasa har kan wata saiwar tsamiya da ta fito waje, ya shimfiɗa hannun a kai, ya danne da gwiwa.

“Da wanne ka zana? Wannan?”

“Don Allah, ɗan'uwa. Bari in kira mai gonar, yanzu za a cire. Kuskure ne.”

“Kira ta. Sa kowa ya ji.”

Da hannun hagu ya kira. Muryar Hajiya Adawiyya ta fito a sifika, ana jin ƙarar kasuwa a bayanta.

“Malam Ja'afar, ni abin da na gani a taswira shi na saya. Har gindin bishiyar nan. Ban san wani burtali ba.”

“Hajiya, an zubar da jini. Hannuna yana kan itace yanzu haka.”

“Wannan tsakaninka da su ne. Amma ka gaya musu, duk wanda ya taɓa min shinge, da 'yan sanda zan zo, kuma sai ya kwana a Kano.”

Ta kashe. Ana jin kukan shanu daga rugar Maikuɗi. Tun jiya suke tsare, ba su fita ba, don hanyar fita ɗaya ce kuma ga ta a datse. Mus'ab ya gyara riƙon adda, ya ɗaga ta sama da kafaɗa. Ja'afar ya rufe ido yana salati.

Sanda ce ta shiga tsakanin addar da hannun. Maikuɗi ne, damtsensa ɗaure da tsumma.

“Baffa, janye sandarka,” in ji Mus'ab. “Ko jiya ba ta ishe ka ba?”

“Ta ishe ni. Ba tausayinsa nake ji ba, in don ta ni ne ka sare har kafaɗa. Amma ka ji matar nan. Ku ba mai taɓa shingen nan a cikinku, kuna tsoron Kano. Mu in muka taɓa, gobe a ce makiyaya sun yi ɓarna, a kwashe mu. Mutum ɗaya ne sunansa ke jikin turke. In ka sare hannun, da me zai cire?”

“Ina ruwana da shingen?”

“Kana jin shanun can? Ba zan iya riƙe su har azahar ba. In suka ɓalle, ta cikin geron babanka za su bi, kamar jiya.”

Mus'ab ya dubi mahaifinsa. Malam Bala ya daɗe yana kallon abin da ya rage na geronsa.

“Sake shi ya cire.”

Wani ya ciro filaya daga akwatin babur ɗin Ja'afar. Mus'ab ya karɓa ya wurga ta cikin gero.

“Da hannu ya zana, da hannu zai kwance. Kuma ka ji ni da kyau, mai taswira. In ƙafar saniya ɗaya ta taka gonar nan kafin ka gama, hannun nan nawa ne.”

Ja'afar ya fara daga turken da ke tsakiyar burtali. Ma'aikatan birni sun iya aikinsu, sun murɗe kowane ɗauri tam. Yana warwarewa ƙaya tana shiga tafinsa, yana ja tana fita da nama. Kafin ya gama layin ƙasa hannuwansa biyu sun yi ja har gwiwa, ƙarfen yana zame masa saboda santsin jini, sai ya goga a riga ya ci gaba. Mus'ab yana bayansa taku ɗaya. Duk sanda ya tsaya numfashi sai ya ji sanyin adda a kan wuyan hannunsa. Kukan shanu yana ƙaruwa.

Layin sama ne aka ja da ƙarfi fiye da sauran. Da ya kwance murɗin ƙarshe, ƙarfen ya fizge kamar bulala. Ƙaya ɗaya ta kama manuniyarsa ta dama daga gindi, ta tsarge ta har farce. Ya ga farin ƙashi. Ya durƙusa, ya yi amai.

“Sun ɓalle,” wani ya faɗa daga gefen ruga.

Ƙasa ta fara rawa. Igiyar ƙarfen tana kwance a gicciye a bakin burtali, in shanun suka gan ta za su karya gefe. Ja'afar ya tashi, ya naɗe ta a damtsensa da ƙayar da komai, ya ja da baya har ya manne da turken gefen gero, ya tsaya a nan ya zama shi ne shingen. Garken ya zo ya wuce ta gabansa, ƙaho yana gogar rigarsa, wata ta take masa ƙafa bai motsa ba. Maikuɗi yana gefe yana kiransu da sunayensu ɗaya bayan ɗaya. Ta ƙarshe ta wuce. Ba wadda ta shiga gero.

Mus'ab ya dube shi, ya dubi hannun, ya tofar da yawu, ya sa addar a kafaɗa ya tafi.

Malam Bala bai bar Ja'afar ya zauna ba. Ya sa aka kira wakilin mai unguwa da kawun Mudassir da maƙwabcin arewa, aka koma kududdufi, aka taka iyakar da ƙafa kamar yadda ya kamata a yi tun bazara, Ja'afar yana tsakiya ana riƙe da shi. Da suka kai kuka, dattijon ya ce ya dafa ta. Ya dafa. Sannan aka ɗora shi a babur zuwa asibiti a Ajingi.

Hannun ya tsira. Yatsan ne jijiyarsa ta tsinke, ya warke a miƙe, ba ya lanƙwasuwa kuma ba ya jin taɓi. A gadon asibiti, da babban yatsan hagu, ya goge jan layin ya mayar da shi gindin kuka. Maganar ta je gaban hakimi, aka yi ta zama, Hajiya ta haƙura da iyakar gaskiya bayan ta zo ta gani da idonta. An tsare Mus'ab da Maikuɗi na ɗan lokaci aka sake su. Malam Bala ba ya ji da kunnen hagu har yau. Shi da Maikuɗi suna gaisawa a masallaci, amma tsokana ta ƙare, kuma rani biyu ke nan shanun ba su kwana a gonarsa ba.

Ja'afar bai bar sana'ar ba, ba shi da wata. Gonakin Gaya da Ajingi da ke cikin manhajar har yanzu yawancinsu shi ya sa su. Hoton Gafasa ma bai canza ba, na ranin nan ne dai, tsamiya baƙa ƙirin, kuka kamar babu. Sai dai yanzu ba kullum ake samunsa a benci ba, kuma tuwo da cokali yake ci, don yatsan ba ya bari ya murza loma. Zulfa takan ajiye masa cokalin a gefen kwano ta ce, “Ga na Bature.”

Kwanan baya wani ya kira shi daga Abuja yana son ya sa masa gonar gado da ke Balan, yana sauri.

“Ba sai ka je ba, Malam. Zan kwatanta maka, akwai wata babbar bishiya a kusurwa.”

“Wace iri?”

“Oho, bishiya dai. Da muhimmanci ne?”

Ja'afar ya maƙale wayar a kafaɗa, ya sunkuya yana neman takalmansa a ƙarƙashin benci.

“Ba ni sunayen maƙwabtanka,” ya ce. “Duka huɗun.”